Sigar gwaji daga reshen da ba a gama ba: me ya sa ake sakar wa inji aikin, kuma ina gizo ke saƙa?

A watan Disamba na 2024, npm, manhajar da masu rubutu da harshen JavaScript ke ɗauko ƙunshin manhaja da wallafa shi da ita, ta fito da siga ta 11. Cikin sauye-sauyenta akwai wata 'yar doka da ke iya tsayar da injin wallafa cak: duk wanda zai fitar da sigar gwaji sai ya faɗi laƙabin da za a rataya mata, in ba haka ba a ƙi karɓa. A Yulin 2025 rumbun npm ya buɗe wa kowa sabuwar hanyar wallafa da ba ta buƙatar a ajiye mabuɗin sirri. A ranar 26 ga Agusta kuma, wasu suka yi amfani da mabuɗin da suka sace daga injin aikin Nx, wani shahararren kayan aikin masu gina manhaja, suka wallafa gurɓatattun sigogi da sunansa.

Duka ukun sun taɓo al'ada ɗaya da ta yaɗu a 'yan shekarun nan: a bar inji ya ɗauki aikin da ba a kammala ba, ya ɗaure shi, ya manna masa lamba, ya ajiye inda wasu za su ɗauka su gwada. Masu shigowa harkar kan rikice a nan. In abin na da haɗari, me ya sa manyan ayyuka ke yin sa? In kuwa yana da amfani, me ya sa ake ta ƙara masa takunkumi?

## Kalmomin da za a riƙa cin karo da su

Kusan babu mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. Mai gina manhajar banki ko ta kasuwanci yakan ɗauko guntayen aikin da wasu suka riga suka rubuta, wani na lissafin kwanan wata, wani na zana allo, wani na ɓoye bayanai. Kowane guntu shi ne ƙunshi. Inda ake tara su shi ne rumbu: npm na JavaScript, wanda ke ɗauke da ƙunshi sama da miliyan 2 kuma GitHub, dandalin ajiye rubutun manhaja, ya saye shi a 2020, PyPI na Python, Maven Central na Java, crates.io na Rust; NuGet na .NET.

Reshe kuma daga Git yake, tsarin adana tarihin gyare-gyare da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Akwai babban reshe, inda aikin da aka amince da shi ke zaune. Mai son ƙara wani abu sai ya tsaga nasa reshen ya yi ta aiki a kai, in ya gama ya aika buƙatar a haɗe shi da babban. Reshen da ake kan aiki na iya sauyawa sau goma a wuni, na iya lalacewa da rana a gyara shi da dare, na iya ɓacewa baki ɗaya in an ƙi shawarar.

Siga ita ce fitowar ƙunshi guda mai lamba. Sigar gwaji ita ce wadda aka fitar kafin ta ainihi, da alamar cewa ba a ba da tabbaci a kanta ba. Injin da ake magana kuwa ba wani abu ba ne illa kwamfutocin da ke farkawa da kansu duk sanda aka tura gyara, su bi umarnin da aka rubuta musu. GitHub Actions, wanda aka buɗe wa kowa a Nuwamban 2019, shi ne aka fi sani.

Akwai bambanci ɗaya da ake yawan cakuɗawa. Sigar dare, wato wadda inji ke ginawa kowace rana, irin ta harshen Rust ko burauzar Firefox Nightly ko harshen TypeScript, daga babban reshe ake gina ta, wato daga aikin da wani ya duba ya amince. Sigar reshen da ake kan aiki kuwa daga abin da ba a gama dubawa ba take fitowa, wani lokacin ma daga hannun baƙon da masu aikin ba su taɓa jin sunansa ba. Kayan aikin iri ɗaya ne, nauyin amanar ne ya bambanta.

## Abin da ya kawo buƙatar

A ce wata mai amfani da ƙunshi ta kawo ƙorafi cewa yana karyewa a kwamfutarta. Mai kula da ƙunshin ya yi gyara a reshe, amma matsalar ba ta bayyana a tasa kwamfutar. Hanya ɗaya ce ta sanin ko gyaran ya ci: ita ta gwada. In aka ce ta kwafo rubutun manhajar ta gina da kanta, an ɗora mata aiki, domin ƙunshi da yawa ba sa aiki yadda aka rubuta su. Na TypeScript sai an juya shi zuwa JavaScript, na Python irin su NumPy sai an tattara sassan da aka rubuta da C. Yawancin masu ƙorafi a nan suke ajiye maganar. Amma in inji ya riga ya gina ƙunshin ya bar mata layin umarni ɗaya ta kwafa, cikin 'yan mintuna za a ji amsa.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Ƙunshi kan dogara da ƙunshi. In na ƙasa zai sauya, masu na sama suna bukatar su gwada tun kafin sauyin ya zama doka a kansu. Shi ya sa ayyukan kimiyya na Python, irin su NumPy da SciPy da pandas, suke ajiye sigogin dare a wani kebantaccen wuri a anaconda.org, domin injinan sauran ayyuka su ɗauka su gwada kullum. React ma, ƙunshin JavaScript na zana allo, a Mayun 2023 ya mayar da sigoginsa na gwaji masu suna canary hanya ta hukuma, wadda tsare-tsare irin su Next.js ke ɗaukar sababbin abubuwa ta cikinta kafin su iso sigar kowa da kowa.

Yin haka da hannu kuwa gajiya ce da yawan mantuwa. Sai aka samu kayan aiki: semantic-release, wanda ke karanta bayanin kowane gyara ya yanke lambar da ta dace, kuma ya san rassa masu suna alpha da beta na gwaji ne, Changesets, mai iya fitar da sigar wucin gadi daga kowane reshe, Lerna da zaɓinsa na canary, setuptools-scm a ɓangaren Python.

## Lamba: inda ƙaramin kuskure ke girma

Mafi yawan rumbuna suna bin tsarin SemVer, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, kuma sigarsa ta 2.0.0 ta fito a 2013. Lamba kashi uku ce, kamar 2.4.1. Ta farko na ƙaruwa in an yi sauyin da zai karya aikin masu amfani, ta biyu in an ƙara sabon abu, ta uku in gyaran kuskure ne kawai. Sigar gwaji kuma ana sa mata karan ɗori da wutsiya, kamar 2.5.0-beta.1, kuma ko da yaushe ƙasa take da 2.5.0.

Inji ba ya fahimtar nufi, jeri kawai yake bi, kuma dokar jerin na da kaifi. Sashen da lambobi ne zalla ana auna shi a matsayin adadi, sashen da ya haɗa da haruffa kuwa ana auna shi harafi bayan harafi. Saboda haka beta.11 ta fi beta.2, amma beta11 ba ta kai beta2 ba, domin da aka iso wurin 1 da 2, sai 2 ta yi rinjaye. Ɗigo guda da aka manta ya isa ya sa a riƙa miƙa wa masu gwaji tsohuwar siga alhali sabuwa tana nan.

Sai batun abin da za a sa a wutsiyar. Kowane gyara a Git na da tambarinsa, jerin haruffa da lambobi kamar 388686f29. Tambarin na nuna ainihin gyaran da aka gina, amma ba ya jeruwa, domin na yau na iya farawa da 1, na jiya da f. Kwanan wata na jeruwa, amma bai faɗi wane gyara ba ne. Kowane aiki da yadda ya sasanta. TypeScript na sa kwanan wata bayan kalmar dev. React na sa tambari sannan kwanan wata, kamar 18.3.0-canary-388686f29-20230503, ya kuma shawarci masu amfani su ɗaure kansu da siga guda tak maimakon su bar inji ya zaɓa musu. Go ya gina abin cikin harshen kansa: mutum ya nemi reshe da sunansa, sai a ƙirƙira masa lamba irin v0.0.0-20191109021931-daa7c04131f5, lokaci a gaba don jeri, tambari mai harafi 12 a baya don shaida. Ba sai wani ya wallafa komai ba, tunda Go daga ma'ajin rubutun kansa yake ɗaukowa.

Sunan reshe ma na kawo nasa. SemVer bai yarda da komai a wutsiya ba sai haruffan Ingilishi da lambobi da karan ɗori da ɗigon da ke raba sassa, ga shi mutane sun saba sa wa rassa suna mai karkatacciyar sanda a tsakiya. Dole inji ya wanke sunan tukuna, wankin kuma na iya mayar da sunaye biyu daban su zama ɗaya. In tambarin gyara ya faɗo lambobi zalla kuma ya fara da sifili, SemVer zai ƙi shi, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, shi ya sa gano shi ke da wuya.

Python na da nasa tsarin, PEP 440, inda jerin ke tashi daga 1.0.dev1 zuwa 1.0a1, sai 1.0b1, sai 1.0rc1, sannan 1.0. Ana iya liƙa tambarin gyara bayan alamar tarawa, kuma haka setuptools-scm ke yi in ba a hana shi ba, amma PyPI ba ya karɓar siga mai irin wannan wutsiya. Wanda ya haɗa injinsa bai san da wannan ba, a ƙofar rumbu zai ji labari.

Changesets ya bi wata dabara mai sauƙi: sigar wucin gadi na farawa da 0.0.0, ta yadda ba za ta taɓa zama sama da wata siga ta gaskiya ba, balle a ɗauko ta bisa kuskure.

## Dalilin dokar npm 11

A npm, in mutum bai faɗi sigar da yake so ba, ana ba shi wadda ke ɗauke da laƙabin latest. Shekara da shekaru, duk abin da aka wallafa ba tare da an ambaci laƙabi ba, wannan laƙabin yake hawa kansa, ko da lambarsa ta nuna ƙarara ta gwaji ce. Wato in mai rubuta umarnin inji ya manta kalmomi biyu, aikin rabin hanya na wani reshe ya zama abin da duk sabon mai saukewa zai samu. Dokar Disamban 2024 wannan ramin ta cike. A Python kuwa tun 2013 pip, manhajar da ake ɗauko ƙunshi da ita, ke tsallake sigogin gwaji sai in an roƙe shi da --pre, ko kuma babu wata tabbatacciyar siga da ta dace.

## A ina za a ajiye? Ra'ayi uku

Magana zarar bunu ce, haka ma wallafa a rumbun jama'a. Tun bayan Maris na 2016, lokacin da Azer Koçulu ya janye ƙunshinsa left-pad mai layi 11 ya karya ginin ayyuka masu ɗimbin yawa, npm ya ƙuntata janyewa. Yanzu awa 72 ake bayarwa, bayan nan sai da sharuɗɗa, kuma lambar da aka taɓa amfani da ita ba a sake ta har abada. PyPI ba ya barin a maimaita sunan fayil, crates.io kuma yakan sa wa siga alamar a guje ta ne amma tana nan. Ga reshe abu ne mai wucewa, ga rumbu an gina shi don dawwama. Daga wannan saɓanin ra'ayoyin suka rabu.

Masu ra'ayi na farko sun ce a wallafa a babban rumbu, a rataya laƙabi daban kamar next ko canary. Hujjarsu ita ce gwaji na gaskiya shi ne wanda ya bi hanyar da sigar ainihi za ta bi, kuma mai gwaji ba ya bukatar saita komai. Abin da ake ce musu shi ne jerin sigogi na cika da tarkace da ba za a iya sharewa ba, kuma dole mabuɗin wallafa ya kusanci aikin da ba a duba ba.

Na biyu sun ce a ware wa gwaji nasa wurin. Masu Java sun daɗe a kan haka: siga mai wutsiyar SNAPSHOT ana iya sake rubuta ta kullum, kuma ba ta shiga cikin tabbatattun kayan Maven Central. A JavaScript, kamfanin StackBlitz ya fito da pkg.pr.new a 2024, wanda ke gina ƙunshi daga kowace buƙatar haɗewa ya ba da adireshin saukewa ba tare da ya taɓa rumbun npm ba, kuma ayyuka irin su Vite sun karɓe shi. Wannan ya raba gwaji da mabuɗin wallafa, ya kuma ba da damar share tsofaffi. Rauninsa biyu ne. Adireshin na iya mutuwa, ya bar wanda ya dogara da shi a tsaye. Sannan rumbu biyu na iya ruɗa mai ɗaukowa, kamar yadda ya faru da PyTorch, ƙunshin Python na koyar da inji: tsakanin 25 da 30 ga Disamba 2022, masu sauke sigar dare a Linux ta pip sun samu wani ƙunshi na bogi mai suna torchtriton da aka ɗora a PyPI maimakon na gaskiya da ke rumbun PyTorch, kuma na bogin yana kwashe bayanan kwamfuta har da mabuɗan SSH na shiga wasu kwamfutoci daga nesa. Masu tabbatacciyar siga ba a taɓa su ba.

Na uku sun ce tun farko matsalar daga barin rassa su daɗe take. A riƙa haɗe ƙananan gyare-gyare cikin babban reshe kullum, a kulle abin da bai nuna ba da makunni a cikin manhajar, sai a gina sigar gwaji daga babban reshe kaɗai. Google ya shahara da wannan salo. Yana tafiya daidai inda ma'aikata ke ƙarƙashin rufi ɗaya, amma bai amsa tambayar buɗaɗɗen aiki ba, inda gyaran baƙo ke bukatar a gwada shi kafin a yarda ya shigo.

## Wa ke riƙe da mabuɗi

Wannan ne ɓangaren da ya fi tsada in an yi sake. GitHub ya tsara cewa in buƙatar haɗewa ta fito daga kwafin wani na waje, inji zai yi aikin amma ba za a nuna masa sirrin masu aikin ba. Kariya ce mai kyau, sai dai ita ce kuma ke hana inji wallafa sigar gwaji daga reshen baƙo. Don kewaye ta, wasu kan koma ga wani saiti mai suna pull_request_target, wanda ke tafiyar da aikin da cikakken iko. In aka bar wani abu da baƙo ya rubuta ya shiga umarnin inji a ƙarƙashin wannan saiti, an miƙa masa gidan.

Abin da baƙon ya rubuta ba lallai ya zama manhaja ba. A Disamban 2024 an kutsa Ultralytics, ƙunshin Python na gane abubuwa a hoto, ta hanyar sunan reshe: maharin ya sa wa reshensa suna wanda shi kansa umarni ne, inji ya karanta sunan ya aiwatar. Sigogi 8.3.41 da 8.3.42 suka fita PyPI ɗauke da manhajar haƙar kuɗin kirifto. A Nx kuwa ta taken buƙatar haɗewa aka shiga, kuma an riga an cire gurɓataccen umarnin daga babban reshe, amma ya saura a wani tsohon reshe. Ba tsarin sigar gwaji aka nufa a waɗannan hare-hare biyu ba, sai dai ƙofar ɗaya ce, kuma duk injin da ke ɗaukar sunan reshe ya cusa cikin lambar siga yana taɓa irin wannan rubutun.

Maganin da rumbuna suka kawo shi ne wallafa bisa amana, wanda PyPI ya fara a Afrilun 2023, npm ya biyo a Yulin 2025. Maimakon mabuɗi mai daɗewa da za a iya sacewa, rumbu na tabbatar da cewa wallafar daga wane ma'aji da wane umarni ta fito, sai ya ba da izini na ɗan lokaci. Ya rage satar mabuɗi sosai. Amma bai san abin da ke cikin ƙunshin ba: sigogin Ultralytics biyun da aka ambata ta halastacciyar hanyar injin suka fita, domin abin da inji ya tara ne aka gurɓata. Shi ya sa ayyuka masu taka-tsantsan ke raba aikin gida biyu, injin da ke gina reshen baƙo ba shi da mabuɗi, mai mabuɗin kuma ba ya aiwatar da komai na baƙo, sannan sai wani daga cikin masu kula ya danna amincewa.

## Abin da ya shafi wanda ba ya rubuta manhaja

Mai waya ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan, amma manhajojin da ke wayarsa daga irin waɗannan ƙunshi aka haɗa su. In tsarin ya tafi daidai, ribarsa ita ce kuskure na mutuwa a hannun masu gwaji kafin ya iso gare shi, gyara kuma na isowa da wuri. In ya karkace, hanya biyu ce. Ko ƙaramin kamfani ya ɗauki sigar gwaji don ta warware masa matsalar gaggawa, ya manta da ita a cikin manhajar da jama'a ke amfani da ita, ba tare da gyaran tsaro na biye da ita ba. Ko kuma a sace mabuɗan mai gina manhajar, kamar yadda aka yi wa waɗanda suka sauke gurɓataccen Nx, daga nan a sami hanyar zuwa sabar da bayanan abokan ciniki ke ciki.

Ga mai koyo ko mai aiki shi kaɗai, abin ya fi kusa. Sigar da ke da wutsiya bayan lamba ba ta ɗauke da alƙawarin SemVer, abin da ya yi aiki a beta.2 na iya karyewa a beta.3. A npm, wanda ya rubuta ^1.2.3-beta.2 ya yarda ke nan a ɗauko masa beta.4 ta wannan lambar ba tare da an tambaye shi ba, don haka ake cire alamar ^ a rubuta lambar cif, a kuma adana fayil ɗin da ke kulle sigogi. Akwai kuma kuɗin data: ƙunshi irin PyTorch ɗaruruwan megabait ne, mai bin sigar dare kuwa sabo yake saukewa duk sanda ya sabunta. Masu kula da ƙunshi a nasu ɓangaren, tsohon umarnin wallafa sigar gwaji da ba ya ambatar laƙabi zai tsaya da zarar injinsu ya koma npm 11, sai sun ƙara masa --tag da sunan da suka zaɓa.